Dajin da Yaƙi Ya Ci: Daga Zanen John Nash Zuwa Gonakin Ɗandume

A gidan adana kayan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan akwai wani zane da ya kai tsayin mutum, faɗinsa kuma ya ɗara mita biyu. Sunansa Dajin Oppy, 1917, da Yamma. Wani Bature mai suna John Nash ne ya zana shi da fentin mai a 1918, 'yan watanni bayan dawowarsa daga fagen daga a Faransa.

Rabin zanen na ƙasa rami ne, irin dogon ramin nan da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka share shekaru a ciki. An shimfiɗa katako a ƙasansa saboda taɓo, hanyar ta nufi bakin wani kogo da aka haƙa don fakewa. Sojoji biyu ne kawai a wurin, ɗaya ya taka dakali yana leƙen abin da ke gaba. Daga dama kuma ga dajin, in har za a kira shi daji. Itatuwa ne a tsaye ba reshe ba ganye, wasu a tsage, wasu an fille musu kai, ƙarƙashinsu tarkacen kwano da karyayyun katako. Sama kuwa garau take, shuɗiya, da gizagizai masu ban sha'awa. Ba gawa a zanen, ba jini. Amma duk wanda ya taɓa yin sassabe ya san yadda kututture yake idan gatari ne ya sare shi, ya san na gobarar daji, ya san wanda tsawa ta faɗa wa. Waɗannan ba ko ɗaya daga ciki. Ruwan harsasan igwa ne ya yi musu haka, dare da rana, wata da watanni.

Oppy ƙauye ne kusa da birnin Arras a arewacin Faransa. Jamusawa sun mayar da ɗan kurmin da ke bakin ƙauyen sansani, suka girke manyan bindigogi a cikinsa. Ranar 3 ga Mayu 1917 sojojin Birtaniya suka far masa, aka yi musu mummunar ɓarna, da yawansu samari ne 'yan garin Hull da suka shiga soja tare, unguwa guda, aboki da aboki. Sai ranar 28 ga Yuni aka iya karɓe kurmin. Lokacin da John Nash ya zauna a ramukan wannan yanki, abin da ya rage ke nan.

An haifi John a 1893. Bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba, kuma yayansa Paul, wanda ya girme shi da shekara huɗu kuma shi ya yi makarantar, shi ne ya ba shi shawarar kada ya shiga, gudun kada malamai su ɓata masa ido. Ya shiga soja a matsayin kurtu, ya kai saje. Ranar 30 ga Disamba 1917, a wani tudu kusa da Marcoing, aka umarci rundunarsu ta fita daga rami cikin ƙanƙara ta tunkari abokan gaba. Su 80 ne suka fita. Cikin 'yan mintoci, mutum 68 sun faɗi, wasu matattu wasu da rauni. John na cikin 12 da suka tsira. Wannan rana ma ya zana ta daga baya, amma ba ita ce abin da ya dame ni a nan ba. Dajin ne.

Shi Paul tsautsayi ne ya cece shi. A Mayu 1917 ya faɗa rami cikin dare a yankin Ypres na ƙasar Beljiyam, haƙarƙarinsa ya karye, aka mayar da shi Ingila jinya. Ba a daɗe ba aka kashe akasarin abokan aikinsa a wani hari. Da ya koma a Nuwamba, ya koma ne a matsayin mai zanen da gwamnati ta ɗauka aiki, da mota da direba. Ya tarar da ƙasar da ya bari da ciyawa da tsuntsaye ta zama taɓo da ramuka. A wasiƙar da ya aika wa matarsa Margaret ya nuna mata cewa ya daina ɗaukar kansa mai zane, ya zama ɗan aike, zai kai wa masu son a ci gaba da yaƙi saƙo mai ɗaci daga waɗanda ke mutuwa a cikinsa.

Sai dai ɗan aiken yana da mai tace masa saƙo. Hukumar soja ba ta yarda a nuna gawar sojan Birtaniya ba. Wani mai zane, Nevinson, ya zana sojoji biyu kwance rub da ciki a taɓo cikin waya mai ƙaya, jami'in tacewa Manjo Arthur Lee ya hana a nuna. A Maris 1918 Nevinson ya rataye zanen a wurin baje koli duk da haka, ya manna masa takarda a tsakiya da ke cewa an tace shi, ya kuwa sha faɗa. Paul Nash bai bi ta nan ba. Ya zana fitowar rana a kan wani kurmi da aka ragargaza kusa da Ypres: baƙaƙen kututture, gajimare ja kamar busasshen jini, ƙasa ta tattaru tuli-tuli kamar kunyar rogon da mahaukaci ya yi wa huɗa. Ko mutum ɗaya babu a ciki. Ya sa masa suna Muna Gina Sabuwar Duniya, wanda kowa ya san gatse ne. Mai tacewa bai ga abin hanawa ba, tunda itace ne kawai, har hukuma ta buga shi a bangon wata mujallarta. Yau idan ana maganar zanen da ya fi tona asirin wancan yaƙi, da wuya a tsallake shi.

A bazarar 1918 'yan'uwan biyu suka kama wata rumfa da a da ake shanya ganyaye a cikinta, a Chalfont St Peter da ke gundumar Buckinghamshire, suka mayar da ita wurin aiki. A nan aka zana Dajin Oppy, nesa da ƙarar igwa, daga 'yan zane-zanen da John ya yi a takarda da kuma abin da idonsa ya riƙe. Gwamnati ta yi odarsa ne don wani babban zauren tunawa da mamata da aka yi niyyar ginawa, wanda har yau ba a gina ba.

Ƙa'idar 'yan'uwan ita ce aikin gwamnati har ƙarfe shida na yamma, bayan nan kowa ya zana abin da ransa ke so. Abin da ran John ya so shi ne gona. Ya zana wata gonar alkama da aka gama girbe, dammuna a jere, kurmi lafiyayye a kan tudu, inuwa ta miƙe doguwa saboda rana ta yi sanyi. Wannan zane yana gidan Tate a Landan, kuma shi ne na farko da ya yi wanda ba na yaƙi ba bayan dawowarsa. Ina ganin manomin Ɗandume zai fahimci wannan zaɓi fiye da masanan zane na Landan. Mutumin da ya ga mutum 68 sun zube a gabansa, da aka ce ya zaɓi abin da zai kalla, sai ya zaɓi amfanin gona da ya isa gida lafiya. Sauran rayuwarsa ma yawanci a karkara ya yi ta, daga baya a Wormingford, yana lambu yana zanen tsirrai, har ya rasu a 1977.

Kada a ɗauka wannan yaƙi na Turawa ne su kaɗai. Daga 15 zuwa 18 ga Oktoba 1917, makonni kaɗan kafin Paul Nash ya koma Ypres, sojojin Najeriya suna can Mahiwa, a kudancin ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, suna gwabzawa da rundunar Bajamushe von Lettow-Vorbeck, kuma sun yi asarar rayuka mai yawa. A Yaƙi na Biyu aka kwashi dubban 'yan Arewa zuwa dazuzzukan ƙasar Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka ratsa kwarin Kaladan, suka shiga Myohaung a Janairu 1945, wasu kuma suka bi Janar Wingate bayan layin Japanawa a 1944. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Abin da ya fi zama a hannunmu daga wannan duka shi ne sunayen barikoki, irin su Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna, sai labaran tsoffin sojan Bama da jikoki suka ji a zaure, waɗanda su ma suna bin masu su kabari ɗaya bayan ɗaya. Yaron Hull zai iya zuwa ya tsaya gaban dajin da kakan kakansa ya faɗi. Yaron Funtuwa sai dai ya ƙiyasta.

Wancan ya wuce. Na yanzu shi ne abin magana.

Ɗandume ta jihar Katsina tana yamma da Funtuwa, a kan hanyar da ta nufi Birnin Gwari, maƙwabtanta Sabuwa da Faskari, kudu da ita kuma jihar Kaduna. Ƙasa ce ta masara da shinkafa da dawa da waken suya, kuma kasuwar hatsinta na cikin waɗanda 'yan kasuwa daga nesa ke sauraron farashinsu kafin su yanke nasu. Tun da layin dogo ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta samu hanyar fita, gona take cin daji a wannan yanki. Duk da haka manomin da bai san ko baƙi ba ya san itacen da ba a sarewa. Ɗorawa ta tsaya saboda kalwa da daddawa, kaɗanya saboda mai, tsamiya saboda kunu, kuka saboda miya. Can gaba inda gona ta ƙare sai doka da maje da ƙawo da marke da kirya su karɓa, har a dangana da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100, wanda kuma ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara.

Kowa ya san abin da waɗannan dazuzzuka suka zama. Nan ake shiga da wanda aka sace, daga nan ake bugo waya a faɗi kuɗin fansa, daga nan ake aiko wa ƙauyuka da harajin noma kafin a bar su su yi shuka ko girbi. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokoki don toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samu, ciki har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi. A Oktoba 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai ta jiha. Duk wannan yana rubuce a jaridu. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda fuskar ƙasar kanta ta sauya.

Kuma ta sauya ta hanya biyu da suka saɓa wa juna. A bakin gari itace yana ƙarewa. Wanda a da yake nisan zango don itacen girki yanzu ba ya iyawa, waɗanda suka gudo daga ƙauyuka sun ƙaru a kan na gari, kowa na buƙatar wuta, wanda kuma aka raba da gonarsa ya ga gawayi ne sana'ar da ba ta son jari. Kirya ce ke fara tafiya, don gawayinta ya fi na kowa, daga nan a faɗa wa duk abin da ya samu, har ɗorawar da kakanni suka hana taɓawa. A can ciki kuwa, inda ƙafa ta ɗauke, akasin haka ne. Gonar da aka bari damina uku ko huɗu ta zama saura, sauran ta fara zama daji. Katanga ta zube, ciyawa ta rufe masussuka, sai mangwaro da darbejiya da kuka suka rage suna nuna cewa a nan akwai gari. Bahaushe dama da kuka yake gane kufai.

A nan aikin mai zanenmu zai fi na Nash wuya. Karyayyen itace shi ke faɗin abin da ya same shi, ko baƙo ya gani ya san an yi ɓarna. Namu dajin yaƙin kore ne shar. Wanda bai san wurin ba zai ce kai, Allah Ya yi albarka a nan. Sai wanda ya san noma ne zai lura da tsohuwar kunya a ƙarƙashin ciyawa, ya ga jerin gamba da aka dasa don iyaka, ya gane cewa wannan duhuwa gona ce da ake kwasar buhunan masara daga cikinta, kuma mai ita yana wani kango a Funtuwa yana jiran taimako. Zanen da zai nuna wannan sai ya fito daga hannun wanda ya taɓa riƙe fartanya, ko aƙalla wanda ya zauna ya saurari masu riƙe ta.

To wane hoto muke da shi na waɗannan shekaru? Na waya. Gawawwaki a jere a kan tabarma, ana turawa ta WhatsApp da Facebook ba tare da an nemi izinin iyalai ba, alhali addininmu suturta mamaci ya koyar. Wasu hotunan ma na wata jiha ne ko wata ƙasa, aka sake musu suna. Kwana biyu an goge don waya ta cika, ko wani sabon tashin hankali ya danne su. Nan da shekara 30, idan yaro ya tambayi yadda yammacin Ɗandume yake kafin fitina da lokacinta, ban ga abin da za a miƙa masa ba. An ce gani ya kori ji, amma mu ji ɗin kaɗai muke shirin bar musu.

Na san wani zai ce zane ba al'adarmu ba ce, kuma akwai maganar addini. Maganar addinin tana da amsa tun zamanin sahabbai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara musu yarda, ya ce da yin hotuna yake ci da iyalinsa. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji game da masu suranta abu mai rai, mutumin ya razana ƙwarai. Sai ya nuna masa mafita, cewa in dai ba makawa, ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan rassan mas'alar hoto da yawa, amma zanen itace da dutse da kogi ba ya cikin abin da ake jayayya a kai. Wato irin zanen da Paul Nash ya yi don ya kuɓuta daga mai tacewa, wanda babu mutum ko ɗaya a cikinsa, shi ne irin wanda ƙofarsa take a buɗe gare mu tun fil azal.

Batun al'ada kuwa, mutanen da suka ƙawata bangon gidajen Zariya da Kano da dagi, suka yi zayyanar allo da Alƙur'ani, suka yi wa babbar riga aska takwas, ba za a ce ba su da ido ba. Masu fentin bayan manyan motoci ma kullum cikin zana kogi da tsauni da giginya suke, sai dai yawanci wuraren da babu su a ko'ina ne. A falon gidajenmu kuma hoton wani ruwa ne ke zubowa daga dutse a wata ƙasa da ba mu san sunanta ba. Ga Zariya nan kusa, inda aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan a 1955, inda su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna ɗalibai, suna cewa ɗan Najeriya ya zana abin da ke ƙasarsa. Sashen yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello, yana yaye ɗalibai duk shekara, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Ɗandume.

Wa zai biya? Birtaniya ta biya lokacin da bama-bamai ke sauka a kan Landan. A 1939 aka kafa kwamitin masu zanen yaƙi ƙarƙashin Kenneth Clark, wanda ya tara ayyuka sama da 5,000. Ban da wannan akwai wani shiri na daban daga 1940 zuwa 1943, da kuɗin gidauniyar Pilgrim Trust, inda aka tura masu zane ƙauyuka su zana gonaki da kurmi da tsoffin gine-gine kafin yaƙi ko sabon zamani ya shafe su. An samu zane sama da 1,500, suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert. Ba na cewa jihar da ke fama da 'yan gudun hijira ta kwaikwayi wannan sak. Amma kuɗin takarda da fenti da alawus na ɗalibai goma bai kai abin da ake kashewa a bikin buɗe titi guda ba, kuma attajiran kasuwar hatsi da ke gina masallatai da makarantu ba za su gaza shi ba in sun ga amfaninsa.

Haɗarin gaskiya ne. Wanda ya zauna bakin daji da takarda da fensir yana duban hanya, kafin la'asar wani ya kira shi infoma, kuma ko daga wane ɓangare kalmar ta fito, tana iya cin rai. Amma Dajin Oppy ma ba a Oppy aka zana shi ba. Dattawan da suka baro ƙauyukansu suna nan cikin Ɗandume da Funtuwa da Bakori, kuma kowannensu yana ɗauke da taswirar garinsu a ka: rijiya tana nan, masallaci can, tsamiyar da ake sassaƙa a gindinta, ɗorawa bakwai na gidan wane. Mai zane ya zauna da su a zaure, yana ja suna gyara masa, har su ce yauwa, haka yake.

Irin wannan takarda tana da wani amfani da Nash bai taɓa tunaninsa ba. Gonakinmu na karkara akasari ba su da takardar safiyo. Iyaka ita ce daga ɗorawar nan zuwa tsamiyar can, a bi gamba har bakin rafi, shaida kuma tsofaffi ne. Wani lokaci ma gona ta mutum ɗaya ce, ɗorawar da ke cikinta ta wani gida ce tun rabon gado, matan gidan ke zuwa roron kalwa duk shekara. A wuraren da aka yi sulhu ko aka samu sauƙi, mutane sun fara komawa, wasu bayan shekaru. Wanda ya koma zai iya tarar da ɗorawar ta zama gawayi, gambar ta bazu ko'ina, dattijon da ya san iyakar kuma ya rasu a gudun hijira. Wannan shari'a gaban mai unguwa za ta fara, ta je wurin dagaci, ta wuce ga hakimi, in ta ƙi ta kai gaban alƙali, kuma kowannensu abin da zai fara tambaya shi ne wa ya san yadda wurin yake a da.